Yadda za ku sa ungozomomi su karɓi tura rahoto ta tes, kuma su ɗore

Tambayar nan an yi min ita ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, yawanci daga jami'an tattara bayanan lafiya na ƙananan hukumomi da shugabannin ƙananan asibitoci: mun yi bita, mun raba lamba, sati biyu uku ana turo tes, daga nan sai ɗif, to ya ake yi ne? Wasu har suna cewa ai ungozomomi ne ba sa son cigaba. Ni dai a abin da na gani ba haka ba ne. Matar da ta kwana tsaye a ɗakin haihuwa, da safe ta zauna awo, ta cike rajistar awo da ta haihuwa da ta bayan haihuwa da ta tazarar haihuwa, ƙarshen wata kuma ga fom ɗin wata-wata yana jiranta, in ka zo mata da sabon aiki dole ta auna ta gani, zai rage mata wahala ne ko ƙara mata zai yi. Ga yadda nake ba da shawarar a bi, kuma a bi shi a jere don tsallake mataki ɗaya shi ke rusa na gabansa.

1. Ku fara zuwa ku zauna da su

Kafin ku sayi komai ko ku rubuta komai, ku je asibitin ranar awo, ku zauna a gefe ku ga yadda yinin yake tafiya. Bayan layi ya ragu sai ku tambaya: Sista, wace irin waya kike riƙewa, wane layi ne yake da sabis a nan cikin asibitin, a ina kike caji, wace rana ce kike ɗan samun sarari? Ku rubuta amsar kowane asibiti daban. Akwai garin da MTN kaɗai ke ja, akwai inda sai Airtel, akwai kuma inda sai an fita bakin titi ko an hau tudu kafin saƙo ya tafi, kuma wannan bayanin ba za ku same shi a ofis ba.

Ku fara shiga wajen shugaban asibitin ku gaisa ku faɗa masa abin da ya kawo ku. In kuka zagaye shi kuka tafi kai tsaye wajen ungozoma, ranar da aka samu saɓani tsakanin lambar da ta tura da wadda ya sa wa hannu a fom, ita za ta sha faɗa, kuma daga ranar ta bar turawa.

Gargaɗi: kar ku yi wannan zaman a gaban manyan baƙi daga jiha. Kowa zai ce muku ba matsala, za mu iya.

2. Ku rage abin da za a tura

Nan ne aka fi yin kuskure, shi ya sa zan ɗan tsaya. Mai tsara aiki yana zaune a ofis sai ya ga kowane layi na fom ɗin wata yana da amfani, sai ya ce a turo duka. Tes ba fom ba ne. Fom ɗin wata-wata yana nan yadda yake, ana kai shi ƙaramar hukuma a shigar da shi DHIS2, manhajar da gwamnati ke tattara bayanan lafiya a cikinta, kamar kullum, tes kuwa aikinsa ya kawo abin da ba zai iya jiran ƙarshen wata ba. Don haka duk abin da za ku sa a ciki ku tambayi kanku, in wannan lambar ta iso ranar Litinin, akwai abin da za mu yi a kanta kafin Juma'a? In babu, ku cire.

Ni abin da nake bari bai wuce bakwai ko takwas ba: sababbin masu awo, yawan haihuwa, jariran da suka zo da rai, waɗanda suka zo babu rai, masu jijjiga, masu zubar jini bayan haihuwa, waɗanda aka tura babban asibiti, sai kuma abin da ya rage na magungunan ceton rai, wato allurar oxytocin, ƙwayar misoprostol da magnesium sulphate. Kuma kowane ɗaya ya zama akwai shi a rajista, ta duba ta ƙirga kawai. Da zarar kun nemi abin da sai ta buɗe sabon littafi dominsa, kun ƙara mata aiki ke nan.

Mutuwar mai ciki ko mai jego ba ta shiga rahoton sati. Ƙa'idar bibiyar mutuwar mata masu juna biyu ita ce a sanar cikin awa 24 in a asibiti abin ya faru, don haka a ba ta nata saƙon daban, gajere, wanda ake turawa nan take.

Gargaɗi: ku zauna ku daidaita ma'anar kowace kalma. “Sabuwar mai awo” a wajen wata ungozomar ita ce wadda ta zo karon farko a wannan cikin, a wajen wata kuma duk wadda ta zo a satin. In ba ku warware wannan ba tun farko, lambobin za su yi ta shigowa amma ba za su haɗu da juna ba.

3. Ku tsara yadda saƙon zai kasance

Saƙon ya zama gajere, tsari ɗaya kullum, da haruffan da suka fito daga Hausar da ake yi a ɗakin haihuwa don kar sai an haddace. Misali irin wanda nake koyarwa:

MAKO 14 AW23 HH9 RY8 BR1 JJ1 ZJ0 TR2 OX15 MS40 MG3

Wato sati na 14, sababbin awo 23, haihuwa 9, masu rai 8, babu rai 1, jijjiga 1, zubar jini 0, an tura 2, sai ragowar magani: OX oxytocin, MS misoprostol, MG magnesium sulphate. Na gaggawa kuma kalma ɗaya ce a gaba, kamar MUTU ko AGAJI, sai shekarun matar da abin da ya faru a taƙaice.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba kuma ya shafe mu masu Hausa kai tsaye. Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160 ne in da haruffan boko na yau da kullum aka rubuta, amma da zarar harafi mai lanƙwasa ɗaya ya shiga, irin su ƙ ko ɗ ko ɓ, ko ɗan hoton murmushin nan, sai wayar ta canja tsari saƙon ya koma harafi 70 kacal, abin da ya wuce haka ya rabu biyu, a caje ku kuɗin biyu, wani lokacin ma rabi ya iso rabi ya maƙale. To a cikin saƙon rahoto a bar masu lanƙwasa gaba ɗaya.

Sai maganar sifili. In babu mai jijjiga a satin, a rubuta JJ0, kar a tsallake. Wanda ke karɓa ba shi da hanyar sanin ko babu ne ko mantawa aka yi. Kuma a kula da harafin O da lambar 0, a ƙaramar waya kamarsu ɗaya, na'ura kuma ba ta yafe wannan.

Gargaɗi babba: sunan mara lafiya, sunan mijinta, unguwarsu, sakamakon gwajin ƙanjamau, duk ba sa shiga tes. Waya tana yawo a gida, yara suna ɗauka, ana ba da ita caji a shago. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kariyarsu. In dole sai an gane matar, a sa lambarta ta rajista.

4. Inda saƙon zai sauka

Ya danganta da girman aikin. In asibiti goma ne ko sha biyar, waya ɗaya da layi ɗaya a hannun jami'in bayanai ta isa, yana kwafewa cikin Excel duk Litinin. In jiha ce gaba ɗaya, sai an haɗa da manhaja, DHIS2 kanta tana iya karɓar rahoto ta tes in an saita ta, akwai kuma RapidPro da UNICEF ta ɗauki nauyinta wadda ke iya karanta saƙo ta mayar da amsa da kanta. Uganda da wannan hanyar ta tes ma'aikatan asibitocinta ke tura rahoton sati a tsarinsu na mTrac tun 2011, Ruwanda kuma ma'aikatan lafiya na ƙauyuka suka yi ta bibiyar masu ciki da RapidSMS, don haka ba sabon abu ba ne da za a ce gwaji ake da mu.

Layin da ke karɓa ya zama na ofis ne, ba na wani mutum ba. Na taɓa ganin inda aka yi wa jami'i canjin wurin aiki ya tafi da layinsa, ungozomomi suka yi ta tura rahoto wata guda cur yana sauka a aljihun wanda ya bar aikin.

Gargaɗi: in amsar da za ku dinga mayarwa ta hanyar kamfanonin tura saƙo da yawa ce, ku sani duk layin da aka sa wa tsarin hana saƙon talla, wanda ake kunnawa ta 2442, zai iya ƙin karɓa. Ku gaya wa kamfanin tun farko cewa saƙon aiki ne ba talla ba, su ɗora ku a hanyar da ta dace, sannan ku gwada da layin kowace ungozoma ɗaya bayan ɗaya.

5. Kuɗi: kar ko kwabo ya fita daga jakarta

Tes ɗaya a Najeriya ya daɗe a naira 4, a 2025 ya koma naira 6. In kun lissafa rahoto huɗu ko biyar a wata, da gyara, da na gaggawa, a ce saƙo 15, naira 90 ke nan, asibiti 40 kuma naira 3,600 a wata. Kuɗin ba shi da yawa, kuma daidai wannan ne ke sa masu tsara aiki su ce ai ba komai, ta tura da katinta. Wallahi akwai komai. Ba naira 90 ɗin ce ke damunta ba, abin da ke damunta shi ne aikin gwamnati ne amma ita ke biya, ga albashi wani lokacin yana makara, sannan ranar da katin ya ƙare da daddare babu mai sayarwa kusa.

Hanya mafi kyau ita ce gajeriyar lamba wadda mai karɓa ke biya, mai turawa kyauta, sai dai samunta na bukatar a bi ta kamfanin da ke da lasisin NCC, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, akwai kuɗin buɗewa da na wata-wata, kuma sai kun tabbatar tana aiki a duk layukan da kuka rubuto a mataki na 1. In ba ku da ƙarfin wannan, ku tura kati kai tsaye zuwa layinta a ranar 1 ga wata, kafin aiki ba bayan aiki ba, kuma ya ɗan ɗara lissafin don za ta bukaci kira. Kar ku bi da kuɗin ta hannu uku huɗu.

Ku sa kuɗin caji a lissafi. Inda babu wuta, ko dai a ja waya daga solar asibitin in akwai wadda aka ware don haka, ko a sayi fawa bank guda a ajiye a ɗakin haihuwa. Amma kar a taɓa solar firjin rigakafi don cajin waya.

Maganar waya kuma, ni na fi son ƙaramar waya mai madannai ta asibiti, wadda ke zama a durowar ɗakin haihuwa ana miƙa ta tare da makulli in an canji duti. Cajinta na kwanaki, ba ta jan idon ɓarawo, kuma in sista ta tafi hutun haihuwa ko aka canja mata wuri rahoto bai tsaya ba. Ku tabbatar layin an haɗa shi da NIN, ku rubuta sunan wanda aka yi rajistar da shi a ajiye, in ba haka ba rana ɗaya za a wayi gari an rufe.

6. Bita

Kar ku tara mutum ɗari a otal kuna haska bango. Ku ɗauki goma zuwa sha biyar, kowa ta zo da rajistarta ta gaske da wayar da za ta dinga amfani da ita, a ƙirga na satin da ya wuce tare, kowa ta rubuta ta tura, ta ga amsa ta dawo a hannunta. Sau uku aƙalla. Rabin yini ya isa in an yi haka.

Ku lura da manyan sistoci waɗanda suka kusa ritaya. Da yawansu sun fi kowa sanin aikin haihuwa, amma rubutun tes na ba su wahala, ko don ido ko don rashin sabo, kuma ba za su faɗa a gaban yaran da suka koyar ba. Kar ku tsayar da Hajiya a gaban aji kuna gyara mata. Ku haɗa ta da ƙaramar ma'aikaciya a asibitinta, ita ta ƙirga ta tabbatar, yarinyar ta danna. In babbar ta karɓi abin, sauran duk sun karɓa.

Kowane asibiti a horar da mutum biyu, ba ɗaya ba. Sannan a ba su kati mai leda da samfurin saƙon da ma'anar haruffan, a manna a bango kusa da teburin rajista. A nuna musu ƙananan dabaru kuma: a yawancin ƙananan wayoyi in ka danne madanni ka riƙe lamba ce ke fitowa, saƙon satin da ya wuce ana iya buɗo shi a canja lambobin kawai, akwatin saƙo in ya cika sabo ba ya shigowa sai an goge.

Gargaɗi: mai waya mai layi biyu ta duba da wane layi take turawa. Manhaja lambar da aka yi wa rajista kaɗai ta sani, in saƙo ya zo ta ɗayan za ta watsar, ita kuma sista tana can tana cewa ta tura.

7. Rana da lokaci

Sati ya fara Litinin ya ƙare Lahadi, a tura kafin azahar ɗin Litinin. In Litinin ce ranar awo ko ranar kasuwar garin, ku ba su har Talata da safe. Tunatarwa ɗaya ta isa, da safe, cikin ladabi. Saƙo biyar a rana yana sa mutum ya daina buɗewa.

8. Amsa, wadda ita ce ran abin gaba ɗaya

Duk matakan baya in kun yi su daidai kuka faɗi a nan, aikin zai mutu, sai dai ya ɗan jima kafin ya mutu. Ungozoma ta tura saƙo, to ta ga amsa cikin mintuna: an karɓa, awo 23, haihuwa 9, mun gode Sista. Maimaita mata lambobin na sa ta hango kuskure da kanta. In tsarin saƙon ne ya karkace, amsar ta faɗi wurin da Hausa, misali ba a ga lamba bayan JJ ba, a sake turowa, ba wani dogon Turancin na'ura ba.

Wannan ta farko ke nan. Ta biyu ita ce ta aiki. In ta rubuta MG0, ma'ana babu magnesium sulphate ko ɗaya a asibitin da ake kawo masu jijjiga, to wani ya kira ta a ranar, ko a kawo, ko a ranto daga asibitin kusa, ko aƙalla a gaya mata gaskiya cewa sito babu, ga ranar da ake sa rai. Ranar da ta ga tes ɗin naira 6 ya kawo mata kwalin magani, ba sai kun sake tuna mata Litinin ba. In kuwa ta rubuta sifili sati huɗu a jere ba wanda ya ce uffan, ta gane rijiya take jefa saƙon, kuma tana da gaskiya in ta daina. Saboda haka kafin ku ƙaddamar, ku rubuta a takarda wa ke duba saƙonni, wa ke kiran mai sito, wa ke kiran direba ko babban asibiti in AGAJI ya shigo ƙarfe biyun dare, da lambar wanda zai tsaya in na farko bai ɗauka ba. In babu mai ɗaukar wannan nauyin da daddare, gara kar ku buɗe saƙon gaggawa sam, ku bar su da kiran waya, don kar mace ta tura ta zauna jiran motar da ba za ta zo ba.

Gargaɗi, kuma wannan ina roƙonku da shi: kar rahoton mutuwa ya zama sanadin takardar tuhuma. Tsarin bibiyar mutuwar masu juna biyu an gina shi ne a kan ba a kama suna, ba a ɗora laifi. In sista ta turo MUTU da asuba, da hantsi aka kira ta ana mata tsawa, duk ungozomomin ƙaramar hukumar za su ji labari kafin la'asar, daga nan kuma za ku ga rahoto ya yi kyau, babu mutuwa babu jijjiga, alhali ana ta binne mata. Kiran farko ya zama na jaje ne da tambayar me ya rasa, jini ne, mota ce, ko an makara a gida.

Duk wata kuma ku mayar musu da hoton aikinsu, ko a taron wata ko ta saƙo ɗaya: asibitinku ya karɓi haihuwa kaza, ya ƙaru ko ya ragu a kan watan jiya. A yaba wa waɗanda suka turo a kan lokaci a gaban kowa, waɗanda suka makara a kira su a gefe.

9. Ku gwada da kaɗan, ku duba da rajista

Ku fara da asibiti biyar na sati shida, ku haɗa da mai nisa marar sabis da mai cunkoso, ba waɗanda ke bakin sakatariya kaɗai ba. Duk wanda bai turo ba ku kira ku tambayi dalili kafin ku yanke hukunci, yawanci za ku ji kati, caji, sabis, ko mai turawar tana hutu. Bayan sati shidan ku je da abin da aka turo ku buɗe rajista ku ƙirga tare da ita, sannan a ƙarshen wata ku haɗa na satuttukan ku kwatanta da fom. Ba za su zo daidai cif ba tunda sati na tsallaka wata, amma in tazarar ta yi yawa, ku koma mataki na 2, galibi ma'anar kalma ce ta bambanta.

Za a ce muku me ya sa ba za a yi ta WhatsApp ba kawai. Inda akwai data da sabis mai ƙarfi yana da amfani wajen tattaunawa da tunatarwa, amma tes yana tafiya da sanda ɗaya ta sabis a wayar da ba ta da intanet, kuma a WhatsApp abin da ke faruwa shi ne a ɗauki hoton shafin rajista da sunayen mata a jefa a guruf mai mutum sittin. In kun buɗe guruf ɗin, ku kafa dokar hana hoton rajista tun ranar farko.

A zaman ƙarshe na gwajin ku tambaye su kai tsaye wane harafi ne ke rikita su, wace lamba ce suke ganin ba ta da amfani, minti nawa abin ke cinye musu. In ya wuce minti goma daga buɗe rajista zuwa tura saƙo, ku rage wani abu, ku sake buga katin bango, sannan ku ƙara asibiti goma na gaba.